Zuru: Hatsarin kwanan daji a tsakiyar hunturu

Da zarar an kammala girbin dawa a ƙasar Zuru da ke kudu maso gabashin jihar Kebbi a Najeriya, iskar hunturu kuma ta busar da ciyawa, bisa al'ada hankalin samari yakan koma daji.

Lokaci ne na farauta da kokawa da bukukuwa, ciki har da bikin Uhola, wanda Dakarkari, ko kuma Lelna kamar yadda suke kiran kansu, ke yi domin nuna godiya bayan an kawar da amfanin gona.

To amma a 'yan shekarun nan ma'anar shiga daji ta sauya a wannan yanki. A da, wanda duk ya kwana a dawa cikin ɗarin Disamba da Janairu shi ya zaɓi hakan, ya kuma yi shiri, domin ko dai maharbi ne ko makiyayi. Daga baya sai ga mata da yara da tsofaffi suna kwana a can ba da son ransu ba, saboda gudun harin 'yan bindiga.

Wannan ya sa tambayar da a Turai da Asiya ake yi wa masu wasannin ƙanƙara da masu hawan duwatsu, wato yadda mutum zai tsira da ransa da hankalinsa idan ya maƙale a daji cikin sanyi, ta zama tambayar da ta shafi ƙauyukan da ke kewaye da Ribah da Dirin Daji da Mahuta kai tsaye.

Yadda daji ya sauya

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba. Ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, wadda ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Neja, abin da ya sa ta zama hanyar da 'yan bindiga ke ratsawa tsakanin dazuzzukan jihohin biyu.

A farkon watan Yunin 2021 rundunar 'yan sandan jihar Kebbi ta tabbatar da kisan mutum 88 a wasu ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Janairun 2022, ana tsakiyar sanyi, aka kai hari ƙauyen Dankade a wannan ƙaramar hukuma, inda aka kashe mutane da dama, sauran suka watse.

Ranar 6 ga watan Maris na shekarar 2022 aka yi wa ayarin 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe aƙalla 62 daga cikinsu, kamar yadda kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito. Kwana biyu bayan haka aka yi artabu a garin Kanya lokacin da mataimakin gwamnan jihar na wancan lokaci, Sama'ila Yombe Dabai, ya kai ziyara, inda sojoji fiye da goma suka rasa rayukansu.

Sai kuma asubahin ranar 17 ga watan Nuwamban 2025, lokacin da aka sace ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar. Ɗaya ta kuɓuta, sauran 24 kuma aka sanar da sakinsu ranar 25 ga watan.

Alƙaluman da ake bayarwa bayan irin waɗannan hare-hare na waɗanda harsashi ya samu ne da waɗanda aka sace. Ba kasafai ake lissafa dararen da waɗanda suka tsere suka shafe a gindin dutse ko cikin kwari ba, galibi da kayan barcin da suka fito da su kawai.

Sanyin da ake rainawa

Hunturu kan fara ne daga wajen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, sa'ad da busasshiyar iska daga arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A arewacin Najeriya zafi kan haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyos da rana, sa'an nan da asuba ya sauko ƙasa da 15, a wasu wurare ma ya kusanci 10.

Mutumin Rasha ko Kanada zai yi dariya idan aka ce masa wannan sanyi ne. Sai dai abin da likitoci ke dubawa shi ne zafin cikin jikin mutum, wanda ya kamata ya tsaya a wajen digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga hatsari. Kuma ba sai da ƙanƙara jiki ke kaiwa ga haka ba: iska mai kaɗawa da jiƙaƙƙen tufa da yunwa da gajiya sun isa.

Abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga watan Mayun 2021 ya nuna haka ƙarara. Mutum 172 suka shiga gasar gudun kilomita 100 a kan tsaunuka, mafi yawansu sanye da gajeren wando da 'yar shara. Da rana tsaka yanayi ya juya, aka soma ruwa mai sanyi da ƙanƙara da iska mai ƙarfi. Mutum 21 suka mutu, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin zakarun gudun dogon zango na ƙasar.

Wani abin lura shi ne gwanayen da ke kan gaba su abin ya fi shafa, domin su ne suka riga suka kai wuri mafi tsawo da wuyar isa. Wani makiyayi mai suna Zhu Keming shi ya ceci shida daga cikinsu, ta hanyar shigar da su wani kogo da yake fakewa a ciki, ya hura musu wuta.

Ɗan farautar da ya wuni yana bin karnuka cikin rana, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ya tsallaka wani gulbi da bai gama ƙafewa ba, sa'an nan dare ya riske shi nesa da abokan tafiya, yana cikin yanayi mai kama da wannan, ko da yake bai kai shi tsanani ba. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska da kusan ninki 25, kuma ƙasar da mutum zai kwanta a kai tana ci gaba da zuƙe sauran.

Gaskiyar magana ita ce da wuya sanyin hunturu shi kaɗai ya kashe ƙosasshen baligi mai lafiya a dare guda. Waɗanda ke cikin hatsari na gaske su ne jarirai da tsofaffi da masu fama da yunwa, da kuma wanda ya ji rauni. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci a yanayin da Zuru ta shiga, domin likitocin tiyata sun daɗe da sanin cewa idan jiki ya yi sanyi jini ba ya saurin daskarewa a bakin rauni. Wanda aka harba aka bar shi kwance a ƙasa har gari ya waye, zubar jini da sanyi ne ke haɗuwa a kansa.

Alamomin suna zuwa ne daki-daki. Da farko makyarkyata da rawar haƙora. Daga nan hannu ya kasa ɗaura igiya ko kyasta ashana, magana ta fara sarƙewa, tafiya ta koma tangaɗi. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali mutum bai samu ɗumi ba, lamarin ya ƙara muni ke nan, ba sauƙi aka samu ba. A wannan mataki wasu har tuɓe tufafinsu suke yi, saboda suna jin kamar zafi ya dame su.

Matakan ceto ba su buƙatar kuɗi. A cire jiƙaƙƙen tufa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan dawa mai kauri domin raba jiki da ƙasa, a rufe kai da wuya, a nemi bayan dutse ko kwari inda iska ba ta bugowa. Idan ana da yawa a matsu wuri ɗaya, yara a tsakiya, jariri kuma a manna shi da fatar uwarsa a cikin zane. Wanda ke cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi, kamar kunu ko shayi.

Akwai kuma abubuwan da jama'a suka saba yi waɗanda likitoci ke hanawa. Giya ko burkutu suna sa mutum ya ji ɗumi, amma suna buɗe hanyoyin jinin fata ne, zafin ciki ya ƙara tserewa. Murza hannu da ƙafar wanda ya galabaita da ƙarfi, ko jijjiga shi, na iya dagula bugun zuciyarsa. Haka nan kusantar da shi ga wuta sosai na iya ƙona fatar da ta riga ta daina jin zafi.

A wurin da ake gaggauta jana'iza, akwai wani abu da ya kamata a sani, ko da yake ba kasafai yake faruwa a ƙasashe masu zafi ba. Wanda sanyi ya ci ƙarfinsa numfashinsa da bugun zuciyarsa kan yi rauni har a ɗauka ya cika. A shekarar 1999 wata likita 'yar ƙasar Sweden ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara a Norway na tsawon minti 80, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, amma ta rayu ta koma bakin aiki. Saboda haka ne likitoci ba sa yanke hukuncin mutuwa a kan irin wannan mutum sai bayan an ɗumama jikinsa.

Ɗimuwa

Kafin sanyi ya kama mutum, sau da yawa ɓatan hanya ne ke fara kama shi. Hausawa suna kiran wannan ɗimuwa, wato mutum ya rasa gabas da yamma a wurin da watakila ya sani sarai. Labaran mafarauta cike suke da wanda ya yi ta tafiya ya dawo gindin itacen da ya bari, kuma akan danganta abin da mutanen ɓoye.

Masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Jamus sun gwada lamarin, suka wallafa sakamakon a shekarar 2009. Sun sa mutane tafiya ta sa'o'i a wani daji a Jamus da kuma cikin Sahara a Tunisiya, suna bin sawunsu da na'urar tauraron ɗan Adam. Waɗanda ke ganin rana sun yi tafiya kusan a miƙe. Waɗanda gajimare ya rufe musu ita kuwa sun yi ta kewaya wuri ɗaya ba tare da sun sani ba. Da aka rufe wa wasu ido a fili, an samu masu yin da'irar da faɗinta bai wuce mita 20 ba.

Ma'anar wannan ga ƙasar Zuru a fili take. Duwatsun da mutanen yankin ke gane hanya da su, hazo mai kauri yana iya shafe su gaba ɗaya, ya mayar da rana wani farin faifai da ba a gane inda ta dosa. Da dare kuma taurarin da magabata ke dubawa, irin su Kaza da 'Ya'yanta da ke fitowa daga gabas da almuru a farkon hunturu, su ma sukan dusashe.

Abin da ya rage shi ne iskar kanta. Tun da daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya lura da gefen jikinsa da take bugawa sa'ad da ya bar gida yana da abin dogaro, sai dai a tsakanin duwatsu takan karkace, don haka ba a sakankance da ita.

Ƙa'idar farko da masu aikin ceto a duniya suka yi ittifaƙi a kanta ita ce mutum ya tsaya da zarar ya gane ya ɓata. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tuna wuri na ƙarshe da ya tabbatar ya sani, ya duba abin da ke hannunsa da sauran lokacin da ya rage kafin faɗuwar rana, sa'an nan ya yanke shawara. Tsoro yakan sa mutum sauri, saurin ya jawo gumi da ƙishirwa da targaɗe, ya kuma nisanta shi daga inda za a fara nemansa.

Batun ruwa ma akan yi sakaci da shi. Busasshiyar iskar hunturu tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi da fata, amma saboda ba a jin zafi sosai mutum ba ya jin ƙishirwa yadda ya kamata. Rashin ruwa a jiki kuwa yana rage kaifin tunani daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Wuta: ceto ko tonon asiri?

A nan ne shawarwarin da aka rubuta domin tsaunukan Turai suke cin karo da halin da ake ciki a arewa maso yammacin Najeriya.

Littattafan ceto suna cewa wanda ya ɓata ya hura wuta, ya tayar da hayaƙi, ya busa usur sau uku a jere, ya sa tufa mai haske, ya tsaya a fili inda za a hango shi daga sama. Duk wannan an gina shi ne a kan zaton cewa duk wanda ke nemanka alheri yake nufinka da shi.

Matar da ta gudo daga ƙauyenta da yara uku ba za ta iya yin ko ɗaya daga ciki ba. Wutar da za ta ɗumama 'ya'yanta ita ce za ta nuna inda take. Ga maharbi kuma hatsarin ta fuska biyu ne: 'yan bindiga na iya ɗaukarsa ɗan sa-kai, jami'an tsaro kuma su ɗauke shi ɗan bindiga. A watan Janairun 2025 wani harin jirgin yaƙi a jihar Zamfara ya hallaka mutanen da al'ummar yankin suka ce 'yan sa-kai ne da mazauna ƙauye. A watan Maris na wannan shekarar kuma aka kashe mafarauta 16 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki.

Tarihin Musulunci ya san irin wannan tsaka mai wuya. A yaƙin Zatus Salasil, shekara ta takwas bayan Hijira, an ruwaito cewa Amr ɗan As ya hana rundunarsa hura wuta duk da tsananin sanyi, domin kada abokan gaba su gane ƙarancinsu. A wannan tafiya ce kuma ya yi taimama maimakon wanka saboda tsoron kada sanyi ya halaka shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi masa inkari ba. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan wajen halatta taimama ga mai tsoron cutuwa da ruwan sanyi, hukuncin da ya dace mai kwana a daji ya sani kafin ya jiƙa jikinsa da asuba.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, inda wuta ba ta yiwuwa, dukkan nauyin yana komawa kan tufa da shimfiɗa da mafaka. Bargo ɗaya da hular sanyi da babbar leda mai tare iska, tare da ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino da gorar ruwa, a ɗaure wuri ɗaya kusa da ƙofa, sun fi duk wata dabarar da za a tuna bayan an riga an fita.

Inda kuma wutar ta yiwu, tana da nata sharrin. Mafarauta kan cinna wa daji wuta domin koro zomo da gafiya, kuma da iskar hunturu a bayanta takan fi ƙarfin wanda ya kunna ta. Wuta ta fi saurin hawa tudu a kan gangarowa, saboda haka wanda ya gudu sama a kan dutse mai ciyawa ya bi hanyar da ta fi sauri ke nan. Mafita ita ce a ratsa gefe, a nufi inda ya riga ya ƙone, ko fako, ko cikin rafi. Wutar kuma tana koro macizai, cikinsu har da kububuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi a kan tsaga wurin sara, ko tsotsa, ko ɗaure shi tamau. Abin da take so shi ne a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da maganin dafi.

Hatsari na ƙarshe yana jiran wanda ya tsira ya dawo gida, ko ya samu mafaka a wani ɗaki: kaskon gawayi a rufaffen wuri. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari, wadda ke sa barcin da ba a farkawa. Irin wannan iska, daga injin mota, tana cikin abin da ya kashe mutum fiye da 20 a garin Murree na Pakistan a watan Janairun 2022, lokacin da dusar ƙanƙara ta tsare masu yawon buɗe ido suka kwana cikin motocinsu da gilasai a rufe.

Ƙarfin zuciya

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, John Leach, wanda ya shafe shekaru yana nazarin waɗanda suka tsira daga bala'o'i, ya ƙiyasta cewa idan masifa ta auku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na mutane ne kawai ke iya tunani a natse. Kusan kashi 75 sukan yi sororo, su rasa abin yi, ragowar kuma su rikice gaba ɗaya.

Darasin da ke ciki shi ne ƙwaƙwalwar da ta firgita ba ta iya ƙirƙiro sabuwar dabara, sai dai ta bi wadda ta riga ta saba. Shi ya sa soja ke maimaita atisaye, kuma ƙasar Zuru, wadda ta fitar da manyan hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Iyalin da suka riga suka tsayar da hanyar da za a bi, da wanda zai ɗauki wane yaro, da inda za a haɗu idan an rabu, sun rage wa kansu shawarwarin da za su yanke cikin duhu.

A wani nazari da ya wallafa a shekarar 2018, Leach ya bayyana yadda mutum kan mutu ba tare da wani rauni ba, idan ya sallama. Abin yakan fara da janye jiki daga mutane, sai halin ko-in-kula, har ya kai ga mutum ya daina ci da tsabtace kansa. Maganin da ya gano shi ne a mayar wa mutum jin cewa akwai abin da ke hannunsa, kome ƙanƙantarsa.

Labarin jirgin saman Uruguay da ya faɗi a tsaunukan Andes ranar 13 ga watan Oktoban 1972 ya zama abin misali a wannan fanni. Mutum 45 ne a ciki, akasarinsu 'yan wasan ƙwallon zari-ruga da danginsu. Bayan kimanin kwana goma suka ji a wata ƙaramar rediyo cewa an dakatar da nemansu. Duk da haka suka raba aiki a tsakaninsu, wasu na narkar da ƙanƙara domin ruwan sha, wasu na jinyar masu rauni, wasu na ɗinka abin rufa, suna kuma haɗuwa su yi addu'a kowane dare. Daga ƙarshe biyu daga cikinsu, Nando Parrado da Roberto Canessa, suka yi tafiyar kwana goma a ƙafa har suka isa Chile. Mutum 16 suka rayu bayan kwana 72.

Wanda suka fara cin karo da shi, ya kuma kai labari ga hukuma, makiyayi ne, kamar dai a Gansu. A yankin da rikici ya lalata amana tsakanin manomi da makiyayi, wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin mutanen da suka fi kowa sanin inda ruwa da mafaka suke a daji su ne aka daina tunkara.

Ga Musulmi, lokutan salla suna yanka dogon dare da wuni zuwa gaɓoɓin da za a iya jurewa, zikiri kuma yana daidaita numfashi. Kiristocin yankin, waɗanda suke da yawa a ƙasar Zuru, suna da nasu addu'o'in da ke yin wannan aiki. Sai dai tawakkalin da malamai ke koyarwa yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Hadisai sun hana mutum tafiyar dare shi kaɗai, sun kuma yi umarni idan mutum uku za su yi tafiya su naɗa ɗaya shugaba, kuma waɗannan ƙa'idoji biyu suna cikin abin da masu aikin ceto na zamani suka fi nanatawa.

Farautar gargajiya ta riga ta san da haka. Akwai Sarkin Dawa ko wani babba da ake bin umarninsa, akwai ƙaho ko ganga da ake kiran juna da su, kuma ba a barin daji sai an ƙirga mutane. Inda matsala ta fi aukuwa shi ne wurin samarin da ke fita su biyu ko uku a kan babur, ba tare da sun gaya wa kowa inda suka nufa ko lokacin da za su dawo ba.

Wa zai kai ɗauki?

Wayar salula ta sauƙaƙa wasu abubuwa. Gajeren saƙo yakan fita a inda kira ya ƙi shiga, hawa tudu yakan taimaka, kuma kashe wayar tsakanin amfani yana tsawaita batir. Hukumar sadarwa ta NCC ta ware lamba 112 domin kiran gaggawa. To amma abin da ya faru a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ɗaukacin jihar Zamfara mai maƙwabtaka saboda dalilan tsaro, ya nuna cewa ba a gina dukkan shiri a kanta.

Hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan fitar da gargaɗi a kan hazo, sai dai akasarin saƙon yana fuskantar jiragen sama da direbobi da masu ciwon asma. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, an fi ganinsu wajen rabon hatsi da barguna bayan abu ya riga ya faru. Bargon da ya isa hannun mutum a Nuwamba, kafin ya buƙace shi, amfaninsa ya sha bamban da wanda ya iso a Fabrairu tare da tawagar jaje.

Akwai cibiyoyin da za su iya cike wannan giɓi idan an ɗora musu nauyin: masarauta da hakimanta na Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, da ƙungiyoyin mafarauta, da masallatai da majami'u. Koyar da yadda ake tsayar da jini da ɗumama wanda ya galabaita aikin wuni ɗaya ne, kuma ma'aikatan lafiya na matakin farko sun iya shi.

Bayan abin da ya faru a Gansu, hukumomin ƙasar Sin sun gudanar da bincike, suka hukunta ko suka tuhumi mutum 27, cikinsu har da jami'an gwamnati, suka kuma dakatar da irin wannan gasa har sai an sake tsarin kariya. Binciken ya ɗora laifi ne a kan rashin shiri da jinkirin kai ɗauki.

A ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba kuwa, idan gari ya waye aka ƙirga aka ga babu wani, 'yan'uwansa da maƙwabta da mafarautan garin su ne ke fara bin sawu, galibi a ƙafa, cikin dajin da su ma suke tsoron shiga.